Jan Kofin da Ya Biyo Ni Funtuwa

Mun tashi da asuba daga Yargoje, ni da yayar mijina, takalmanmu a hannu kamar waɗanda suka yi sata. Yarinyata tana barci a bayan Inna mahaifiyata, bakinta a buɗe. Kwana ɗaya ke nan da muka kawo ta yaye tun daga Sabuwa, tana da shekara biyu ba wata uku. Inna ta ce kada in waiga, kada in tsaya doguwar sallama, sai bayan kwana bakwai in zo in ɗauke ta. Ɗiyar fari ce, kun san halin, ko sunanta ba na kamawa gaban manya, balle in nuna wani abu. Sai na yi ta gyaran ɗankwali kamar ba abin da ya dame ni.

A bakin titi muka tsaya har gari ya yi haske, don direbobi ba sa son hanyar da duhu. Motar da ta taso daga Kankara ce ta ɗauke mu, mutum biyu gaba, huɗu baya, da buhun barkono da ya sa kowa atishawa. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Gonakin bakin hanya an girbe su, karan dawa a tattare, amma na can ciki ciyawa ta cinye. Da muka shiga ƙasar Faskari akwai wurin da direba ya kashe rediyo, kowa ya yi tsit, ba ka jin komai sai carbin wani tsoho. Ni kuwa ina ta zama a duƙe, na ƙi jingina. Sai da yayar mijina ta ce, "Jingina mana, wa za ki danne?" sannan na tuna babu kowa a bayana.

A Sheme baki ya dawo wa mutane, masu rake da dafaffen ƙwai suka rufe motar. Na sa hannu a jaka zan ciro canji, sai na taɓo kofinta. Ɗan jan kofin roba ne mai tsaga a baki, ba ta shan ruwa sai da shi. Na mayar da shi na rufe jaka, ban gaya wa kowa ba.

Mun isa Funtuwa da hantsi. Tirela a gaba, tirela a baya, Keke Napep suna kutsawa tsakani kamar kiyashi. Yayar mijina tana da ganin likitan ido, ta ce layin yana da tsawo, in zauna wurin motocin Sabuwa, za ta same ni da la'asar. Tana ba da baya na miƙe. Na yi lissafi a raina: in kai kofin, in leƙa ta ta taga, in dawo kafin a nemi ni. Na tambayi inda motar Kankara take, aka nuna mini.

Ƙafata ɗaya tana cikin mota aka riƙe mini hijabi ta baya. Wata doguwar mata ce da niƙabi.

"Ke 'yar gidan mai kanwa, har yanzu ba ki daina tafiya kamar ana korarki ba?"

Ba mai kirana haka sai 'yan Yargoje. Ta ɗaga niƙabin, sai ga ƙawata da muke ɗibar ruwa tare, wadda suka taso birni lokacin da zaman ƙauye ya gagara. Shekara shida rabona da ita, lambarta ta tafi da tsohuwar wayata. Ta zo karɓar saƙon atamfa ne, ɗinki take yi yanzu. Muka riƙe juna har mai lodin mota ya ce mu shiga ko mu ba mutane hanya.

Ta dubi bayana, ta dubi yadda nake jijjiga a tsaye ba goyo, ta dubi gaban rigata.

"Yaushe aka yi yayen?"

"Yau. Kofi kawai zan kai."

"Mu gani." Ta karɓi kofin, ta miƙa wa direba, ta ce ya ajiye wurin mai shayin bakin titin Yargoje, a kai gidan mai kanwa. Ta juyo ta ce, "Kofi ya tafi. Sai mi kuma?"

Ina kallo motar ta cika ta tashi, kofin yana gaban gilashi, ni ina ƙasa.

Daga nan ban ƙara gane kan ranar ba. Ta tura ni cikin Napep, ta kira waya tana cewa, "Bar tsintsiyar nan ki fito, na tsinci wata." Muka biya bakin wani ƙaramin asibiti, sai ga ta ukunmu, gajerar, wadda da ko gaban malam ba ta iya magana. Shara take yi a wurin, amma in kin ji bakinta sai ki rantse ita ce likita. Ta ce na rame, doguwar ta ce ƙarya ne, hijabin ne ya yi mini yawa.

Suka ja ni kasuwa. Mun shiga ta layin 'yan robobi, mun fita ta wurin masu kifi, mun sake ɓullowa layin 'yan robobin, ko kuwa wani ne mai kama da shi, ban sani ba. Duk inda na ga jan kofi sai na tsaya. Na ce bari in koma tasha, akwai wata motar Kankara, in je in ga ko saƙon ya isa. Doguwar ta ce to, amma in fara taya ta zaɓen zare. Zaren nan sai da aka sauko mana da kala goma, ta ce babu wanda ya dace.

Ƙirjina kuwa ya cika yana zogi. Gajerar ta lura, ta tsaya wurin mai kayan miya ta sayi kabeji ƙato guda. Na ɗauka kwaɗo za a yi.

"Ba na ci ba ne. Ganyen za ki sa cikin riga."

"Ni za ku mayar tukunya?"

"Ke dai sa. Matar likitanmu ma haka ta yi."

Gidan doguwar ɗaki biyu ne a gidan haya, famfo ɗaya mutum nawa. A can na sa ganyen, ga sanyi ga kunya, amma wallahi zogin ya ragu. Na tashi yin azahar, gabas ta ɓace mini. Na fuskanci ƙofa, suka juya ni wajen keken ɗinki, zuciyata kuma ta ƙi yarda, tana ce mini can yamma ce. Haka na yi sallar a kan maganarsu.

Aka kawo ɗanwake da mai da yaji, da fura mai sanyin firji da ta kama mini haƙori. Na gutsuri ɗanwake na hura shi na riƙe, ina neman bakin da zan ba. Ba wadda ta yi dariya. Gajerar ta buɗe baki ta ce, "Kawo nan, kada ya huce." Sai a lokacin muka yi dariyar, har da hawaye. Muka tuno ranar da tulun doguwar ya fashe muka ɗora wa jakin maƙwabta laifi, muka lissafa 'yan layinmu, wasu suna Zariya, wasu Katsina, biyu sun rasu ban ma ji ba.

Na sake cewa zan tafi tasha, aka ce a gwada mini riga. Na ce ban ba da ɗinki ba, aka ce an ba ni. Sai da aka kira la'asar doguwar ta ajiye almakashi ta ce, "To, yanzu ƙofa a buɗe take. Ba direban da zai bi hanyar Sheme war haka."

Nan na gane zaren da rigar da zagayen kasuwa. Na ji haushi, ban ɓoye ba. Doguwar ta ce ita ta koma ranar yayen ɗanta, ya gan ta, ta kasa hana shi nono. Sai da aka sake yayen daga farko, ya yi wata yana kuka yana ƙin abinci. "Ta taga za ki leƙa? Ni ma ta taga na ce."

Gajerar ta karɓi wayata ta kira maƙwabciyar Inna, sau uku kafin ta shiga. Aka kai wa Inna. Ba zan iya tambayar ɗiyar fari ba, sai gajerar ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ya baƙuwarki?" Inna ta ce ta yi kuka da safe, ta sha kunu, yanzu tana bin awaki. Kofin ya iso, amma ta jefar da shi, ta maƙale wa moɗar randa, da ita take sha tun hantsi. Can nesa na jiyo muryarta tana yi wa akuya tsawa. Har yanzu ban san ko daɗi na ji ko ciwo ba.

Suka raka ni tasha, muka iske yayar mijina da auduga a ido ɗaya. Ta dube ni da ɗayan, ta ce tana jin warin miya. Na ce tasha ce. Muka bi ta Dandume, hanyar Sabuwa rami na bin rami, direba yana tsere da rana. Ragowar kabejin na naɗe shi cikin majanyi, sai da muka kusa gida na lura ina bubbuga shi a cinya.

Mun shiga Sabuwa ana shirin magariba, Alhamdulillahi. Abin da tafiyar nan ta koya mini: na ɗauka yarinya na kai yaye, ashe ita rabin yini ya ishe ta, ni ce aka yi wa taron dangi. Wadda ta san ki tun kina ɗaukar tulu ba ta jiran ki faɗa, a bayanki take karantawa. Lambobin su biyun na rubuta su da gawayi a bayan ƙofa, inda waya ba za ta ɓata da su ba. A ƙarƙashinsu na ja layi bakwai, yau na goge uku.