Taku Ɗaya Tsakanin Kawu Mai Agogo da Titi

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Kawu Mai Agogo a ɗakinsa, bayan jinyar kwana tara. A ofis labarin ya same ni, ina tsakiyar buga ajandar zaman majalisar ƙaramar hukuma, kuma abu na bakwai a jerin da nake bugawa takardarka ce, Kawu. Sai da na ƙarasa layin na sa aya, sannan na tashi daga kujera.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne na jini. Aminin mahaifina ne, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Haɗarin mota ya karɓe masa ƙafafu tun yana saurayi, don haka ni ban taɓa ganin sa a tsaye ba. Na tashi na gan shi a kan kekensa mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu, kullum ƙarfe bakwai yana fita zuwa bakin titi, inda yake da ɗan teburinsa na gilashi a barandar kantin magani. Mutanen layinmu ba sa duba agogo da safe. Idan aka ji ƙarar sarƙar kekensa, uwa ta san lokacin korar yara makaranta ya yi.

Kawu, kai ba ka iya gyaran agogo shiru ba. Sai ka maƙala wannan ɗan madubin a ido, ka buɗe bayan agogon mutum, ka fara karanta masa laifinsa: wannan da shi kake wanka, wannan ka bar wa yara, wannan kuma ba agogon ne ya lalace ba, kai ne ba ka son tashi. Mutum ya tafi yana dariya, gobe ya kawo na matarsa. Da mahaifina ya rasu ina aji uku, kai ka zaunar da ni kusa da teburin nan ka koya mini rubuta wasiƙa: inda ake sa kwanan wata, yadda ake gaida babba ba tare da an durƙusa masa a takarda ba, da yadda ake faɗin buƙata a layi uku. Da wannan hannun na samu aikin da nake yi yau. Ranar da na kawo maka takardar ɗaukar aiki ka laƙaba mini 'Yar Hukuma, sunan ya bi ni har 'ya'yana suna kira na da shi idan suna son tsokana.

Layinmu gangare ne. Duk damina ruwan titi a cikin gidajenmu yake sauka, mu na sama ya jiƙa mana tabarmi, na ƙasan layi kuma ya kwanta musu a ɗaki har gwiwa. Kowa yana ƙorafi a bakin ƙofarsa, amma kai kaɗai ka ɗauki biro. Shekara shida kana rubuta wa ƙaramar hukuma a haƙa mana lambatu. Ka bi gida-gida a kan keke da takarda da ɗan akwatin tawada, wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Duk ranar zama kana zuwa, kuma da yake zauren taron yana da matakala uku, a waje kake tsayawa daidai taga, ka jira a zo kan maganarmu. Ina ciki ina rubuta abin da ake faɗa, ina hango hularka. Har sai da shugaban kwamitin ayyuka ya ce, cikin raha, a ba mutumin taga lambatunsa ko ma samu iska ta shigo.

Aka kawo ma'aikata a watan Disamba na shekarar da ta gabaci bara. Ranar da haƙa ta iso ƙofar gidanka ba ka fita aiki ba don murna. Ka zauna a zaure kana kallo, kana sa Gwaggo, matarka, ta miƙa musu ruwan sha. Injiniya ya tsaya ya gaishe ka, ya ce murfin kankare na ƙofofin gidaje yana tafe, mako biyu ya yi yawa. Kafin la'asar sun wuce gidanka sun yi gaba. Suka bar rami mai zurfin ƙugu, an zuba masa siminti gefe da gefe, faɗinsa taku ɗaya na mai lafiya. Yara suna tsallakewa da gudu, tsofaffi suna dafa bango su taka. Kai da kekenka kuna cikin gida.

Daga wannan rana zuwa ranar da ka rasu, shekara ɗaya ce da wata bakwai.

Ni na kai takardarka ta farko ta neman murfin da hannuna. Sashen hanyoyi suka ce abin da ke ƙofar gida na sashen gidaje ne. Sashen gidaje suka ce iyakarsu bango, duk abin da ya fita waje da dokin ƙofa na hanyoyi ne. Aka ce tunda mai buƙata ba ya iya tafiya, a kai sashen jin daɗin jama'a, su kuma suka tausaya ƙwarai, suka ce ba su da siminti ko buhu ɗaya, amma za su rubuta wa hanyoyi. Ofisoshin nan uku a baranda ɗaya suke, ƙofa tana kallon ƙofa. Na yi ta zagaye da fayil ɗinka a tsakaninsu har bangonsa ya yi laushi na sake masa wani. Babu wanda ya taɓa ce mini a'a. Kowa sai ya ce ai Mai Agogo mutumin kirki ne, ya rubuta layi biyu, ya buga hatimi, ya miƙo mini.

Kafintan layinmu ya gaji da jira, ya haɗa katako masu kauri ya shimfiɗa maka gada. Kwana uku ka samu, Kawu, kuma ba zan manta da su ba. Ka fito da farar riga kamar ango, ka zagaye unguwa kaf, ka leƙa mai kantin magani ka ce ya share maka barandarka, ka tsaya wurin masu wanki kuka yi ta musu a kan ƙwallo alhali ba ka san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. A rana ta huɗu sanarwa ta fito cewa aikin bai kammala ba, ba a kuma miƙa shi ga hukuma ba, don haka duk layin da ya ɗora wani abu a kan lambatu, ɗan kwangila zai janye ma'aikatansa daga can. A lokacin haƙa ta tsaya a tsakiyar layi, gidaje goma sha ɗaya na ƙasa ba a kai gare su ba. Ni na buga wannan sanarwa. An miƙo mini rubutun hannu, na buga, na kai aka sa hannu, ban ce uffan ba.

Da yamma na shigo ina jin kunyar haɗa ido da kai. Na tarar ka aika an kira kafinta, yana tsaye yana rantsuwa ba zai cire ba, in suna so su zo su kama shi.

Ka ce masa, "Cire kawai, ɗan'uwana. Ni ruwa ba ya shigo mini yanzu. Su na ƙasa fa? Duk ruwan da ya bar ƙofata, kansu yake sauka. In aka tsayar da aikin nan saboda ni, da wane ido zan kalle su?"

Ya ce, "To kai kuma haka za ka zauna?"

Ka ce, "Ai zama sana'ata ce. Ga 'Yar Hukuma nan, za ta fitar da ni ta ƙofar doka."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Na koma gida na shiga ɗaki na yi kuka.

An gwada ɗaukar ka. Maza huɗu suka kama keken da kai a kai, ƙafar baya ta zame, saura ƙiris ku rufta gaba ɗaya. Daga ranar ka ce an daina. Ka ce shekara arba'in kana kai kanka inda kake so, ba za ka koma buhun da sai an tara mutane kafin a motsa shi ba. Sai asibiti kawai kake yarda a ciccibe ka, shi ma kana rufe ido har a sauke ka a mota. Aka dawo da teburin gilashi cikin zaure. Da farko masu agogo suna biyo ka, su tsaya a titi su miƙo ta saman rami. A hankali ƙafa ta ɗauke, don mai wucewa ba ya shiga lungu neman mai gyara. Na sha shigowa in tarar ka kwance agogon bangonku ka baje shi a tire, lafiyarsa ƙalau, kana sake haɗawa don kada hannu ya manta. Kuma kullum ƙarfe bakwai kana shiryawa tsaf, ka sa hula, ka turo keke har dokin ƙofa, ka tsaya nan.

Sau ɗaya na yi magana a zaman majalisa. Mai rubuta bayanan taro ba ta da baki a zauren, wannan kowa ya sani. Da aka zo kan takardarka aka ce a ɗage zuwa zama na gaba, karo na biyar ke nan, sai na ji bakina ya ce, ranka ya daɗe, mutumin nan fa ba ya iya fita daga gidansa. Bayan an tashi, sakatare ya kira ni ofis ya tuna mini, cikin ladabi, cewa akwai masu neman kujerata da yawa. Ina da 'ya'ya uku, Kawu, na ji tsoro, ban sake ba. Duk zama ni nake rubuta "an ɗage" a gaban maganarka, da irin rubutun da ka koya mini. Ba ka taɓa tambaya ta me ya sa ba. In na shigo sai dai ka ce, "Yaya mutanen ofis?" ka tura mini kujera. Da ka zage ni ko sau ɗaya, da na fi samun sauƙi.

Aikin ƙasan layi ya yi ta tafiya yana tsayawa, sai a farkon watan nan aka zuba simintin gida na ƙarshe. Ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai shiga ɗakin kowa ba. Matan ƙasan layi suka zo har zaure suna yi maka godiya. Kafinta bai jira kowa ba, washegari ya dawo da katakonsa, waɗanda ya ajiye duk tsawon lokacin nan bai taɓa su ba, ya shimfiɗa ya buga ƙusa. Amma a lokacin ciwon ƙirji ya riga ya kwantar da kai. Gwaggo ta ce an ɗaga maka labule ka hango gadar daga kan gado, ka yi murmushi ka ce bari ka ɗan ji ƙarfi tukuna. A kan katakon nan aka fito da kai ranar Talata.

Ranar Alhamis majalisa ta zauna. Da aka zo abu na bakwai, kansilanmu ya miƙe ya sanar da rasuwarka, aka yi maka addu'a, wasu har da share ido, kuma na yarda da gaske suke. Sannan shugaba ya ce bisa ƙa'ida, idan mai buƙata ya rasu ana rufe fayil, iyali kuma suna iya shigar da sabuwar takarda. Ya dube ni, na rubuta.

Jiya na ɗauki sabon fom na kai wa Gwaggo. Na same ta a zaure, kusa da keken, an lulluɓe shi da zane. Na ce mata ta dangwala yatsa kawai, sauran ni zan cike, kuma wannan karon ko za a kore ni sai na ga an zuba kankaren nan. Ta karɓi takardar ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini abata.

Ta ce, "Bar shi, 'yar nan, kada ki jawo wa kanki. Ni ai ina iya tsallakawa. Wanda ba ya iyawa ya riga ya fita."

Na ninke fom ɗin na sa a jaka.

Kawu, ka yafe mini. Na san da kana nan za ka ce babu abin yafewa, ka tura mini kujera, amma ni na san akwai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, da 'ya'yansu mata biyu da jikoki, da ƙaninsa, da kafinta wanda har yau bai iya buɗe shagonsa ba, da dukkan mutanen layinmu, na sama da na ƙasa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa, Ka yi masa rahama, Ka sa haƙurin da ya yi saboda maƙwabtansa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi iyakar ganinsa, Ka buɗe masa ƙofar Aljanna ya shiga da ƙafafunsa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.