Kawu Tamba Da Motar Kwashe

"Malama Nazifa, aje alƙalamin nan," in ji Labbo direba daga bakin ofishina a Birnin Kebbi. "Kawunki Tamba ya rasu da hantsi, dawowarsa ke nan daga fadama." Ranar Talata ce, 14 ga Oktoba, 2025. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu, ka tafi kana da shekara sittin da uku, kuma a tarihin tseren kekenmu ba a yi wanda ya sha kaye cikin fara'a kamarka ba.

Ga wanda bai sani ba, ƙungiyar mahaya keke ta garinmu kan shirya tseren kwana biyu duk watan Fabrairu. Asabar daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Lahadi daga Argungu zuwa Gulma a dawo. Malaman makaranta ne da teloli da masu sayar da kifi. Ni ce mai riƙe agogo, don digirina na lissafi ya samu abin yi. A bayan kowa motar Labbo ke tafe a hankali. Duk wanda lokacinsa ya ƙare, sai ta kwashe shi har da kekensa.

Shekara bakwai tana kwashe ka, kullum ranar Lahadi. Ba ƙarfi ka rasa ba, don ranar Asabar kana wuce samari har kana ba su haƙuri. Ka kan tsaya ka ara wa abokin hamayya famfo, amma wannan ma ba shi ne ba. Matsalar surukinka ce, Baba Ummaru, mahaifin matarka Hodi, wanda ke zama da abokansa ƙarƙashin tsamiya a mashigar Gulma. Da ka hango shi sai ka sauka, ka jingine keke, ka tuɓe takalmi, ka tsuguna. A tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi albasa, sannan ka bi dattawa shida ɗaya bayan ɗaya. Labbo ya taɓa ƙirga mini: minti goma sha ɗaya.

Na ce maka, "Kawu, ɗaga hannu ya isa. Tsere ne fa."

Ka dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda boko ya lalata. "Ɗiyata, in wuce uban Hodi bisa keke? Da wane ido zan shiga gida?"

Bana likita ya ce zuciyarka ta gaji, wannan shi ne tserenka na ƙarshe. Ka ce mini abu ɗaya kake roƙo, ka shigo Argungu ranar Lahadi a kan kekenka, ba a bayan motar Labbo ba. Ni da lissafina na duba, na ga ba zai yiwu ba. Matarka Inna Hodi ba ta duba komai ba, ta dai shiga mota ranar Juma'a ta tafi ganin mahaifinta.

Labbo ne ya ga sauran. Ka iso tsamiya, tabarmi a shimfiɗe, ba kowa. Hankalinka ya tashi, har ka fara cire ƙafa don ka tambayi ko lafiya. Sai ga ɗan kabu-kabu ya fito daga lungu a kan babur, Baba Ummaru, tsoho mai shekara tamanin da takwas, a bayansa, hannu ɗaya riƙe da hula.

"Tamba, taka! In ka sabka ban yahe ba! Ina kwana?"

Haka kuka gaisa a guje har ƙarshen gari, ba a tsallake ko tambaya ɗaya ba. An ce ka so ka tuɓe takalmi kana tafe, ya daka maka tsawa.

Ka shigo Argungu na talatin da ɗaya cikin mutum talatin da ɗaya, saura daƙiƙa arba'in lokacinka ya ƙare. Masu kifi suka ɗaga ka sama, Labbo ya shigo da mota wayam yana ta oda. Wanda ya zo na ɗaya kuwa, sai na duba takarda kafin in tuna sunansa.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yalwata kabarinka, Ya tarbe ka da irin girmamawar da ka yi wa na gaba da kai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hodi, da 'ya'yanka Musaddiq da Sumayya, da dukan mahaya keken Birnin Kebbi da Argungu.

Ranar sadakar uku na sami Baba Ummaru shi kaɗai a zaure. Na durƙusa zan fara gaisuwa, ya tare ni.

"Ke mai agogo, lokacin nan ke kika ƙara mashi, ko shi ya kai?"

Na ce, "Shi ya kai, Baba. Ko daƙiƙa ban taɓa ba."

Ya yi dariya har hawaye suka zubo. "To alhamdu lillahi. Tashi ki tahi, ja mani ƙyauren."

Na ja ƙyauren, na fito.