Ƙasar da Malam Garzali Ya Saya

Daga bakin gada har Indabo, Wudil ba ta yi mutumin da ya san ƙasa kamar Malam Garzali ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana malamin gona. Idan ya damƙi ƙasa ya matse a hannu, ya shinshina, zai gaya wa mai gona abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba, kuma da wuya ya kuskure. Ƙasar da ya mallaka a duniya kuwa ita ce tsakar gidansa, ita ma an daɓe ta da siminti tun kafin ya sayi gidan.

Manoma ba su raina shi ba, don shi ya koya musu tazarar shuka da yadda ake ruɓar da taki. Sun dai sa masa suna Malamin Gonar Wasu. Wanda ya raɗa sunan shi ne Sabo, wani manomi a Utai, wanda ya taɓa tambayarsa a gaban jama'a, "Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa cin abin da ka noma?" Malam ya yi dariya ya hau babur ɗinsa. Bai manta ba.

Watan da ya yi ritaya ya kira magini, aka zagaya masa komayen shuka uku da bulo layi biyu a kan daɓen, aka bar kafar da ruwa zai riƙa fita. Matarsa Juwairiyya ta tsaya ta duba.

"Malam, wurin shanyata ne ka yi wa katanga."

"Igiya tana nan sama, Juwai. Ƙasa na ara."

Sai ya aika wa wani direban tifa a kawo masa ƙasa mai kyau. A Wudil kuwa duk mai sayen ƙasa gini zai yi, don haka direban ya juye masa wankakken yashin kogi a ƙofar gida, yana alfahari.

"Ranka ya daɗe, wannan ko bene ne zai ɗauka."

"Karas zan shuka."

Direban ya dubi yashin, ya dubi Malam, ya ce Allah ya ba da sa'a. Malam bai yi faɗa ba. Ya ɗebi abin da zai gauraya, sauran ya bai wa masallacin unguwa aka yi shafe.

Washegari ya tafi Utai da kansa, ya nuna wa Sabo gefen fadamarsa inda ƙasa take baƙa wuluk, ya ce a sayar masa amalanke uku.

"Ƙasa, Malam? Mu taki muke saye. Ɗebi har ka gaji."

"In ka ba ni kyauta, gobe ka ce gonarka na noma."

Sabo ya karɓi kuɗin yana ƙunshe dariya, kafin azahar labari ya kai ƙauyen Ɗankaza.

Malam bai kula ba. Ya samo takin shanu na bara wanda ya huce daga kara, kasuwar shanu. Ya shimfiɗa fasassun bulo a ƙasan komayen, ya tankaɗe ƙasar da rariya, ya haɗa kashi biyu nata, ɗaya na yashi, ɗaya na taki. Mako guda yana ba ta ruwa ba tare da ya shuka komai ba. Ta lotsa, ya cika, ta sake lotsawa, ya sake cikawa. Sannan ya ɗauko ƙunshin irin karas da aka raba musu a ofis shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wanda ya ajiye wa ranar da zai sami tasa gonar. Manoman da ya gargaɗa a kan tsohon iri sun fi ɗari. Ya shuka.

Kwana goma komayen suka yi shar. Tun daga ganye na biyu ya gane: lalo ne, irinsa ya biyo ƙasar Sabo. Ya daɗe a tsugune. Wannan ne abu na farko da ya taɓa tsirowa a ƙasar da take tasa, sai ya kasa tugewa. Ya rage shi, ya ba shi tazara kamar yadda ya koya wa wasu, ya kange shi daga kaji, yana ba shi ruwa safe da yamma.

Wata Juma'a Sabo ya shigo kasuwa, ya biyo gidan Malam don ya yi tsiya. Ya tarar da ganye ya kusa tafin hannu, sai ya fasa tsiyar. Juwairiyya ta kawo tuwo da miyar lalo, suka ci a zaure.

"Malam," in ji Sabo, yana suɗe yatsa, "yau kam ka ci abin da ka noma. Na janye sunan. In ya yi 'ya'ya a ɗan san mini iri."

Da lalon ya yi 'ya'ya Malam ya ba shi, har da bayanin tazara. Sabo ya kai Utai ya shuka a gefen fadamarsa, yana gaya wa kowa irin Malam Garzali ne.

Karas ɗin dai ko ɗaya bai fito ba.