Mashigin Rani da Mashigin Damina

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sani, Allah ya jiƙansa. Waɗanda suka san mu a ƙauyenmu na ƙasar Tsanyawa za su ɗauka yabo zan rubuta. Yabon yana nan, amma abin da ya zaunar da ni da biro a hannu kishi ne. Na yi kishin Sani yana raye, ya rasu ban daina ba, kuma na gaji da riƙe abin ni kaɗai.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, Baba ya ce babba ya tsaya gona, ƙarami ya tafi. Ni ne babba. Sani ya yi karatu, ya koyi tuƙi, ya koma Kano. Ni kuma na samu abin da gona take bayarwa, na san ƙasarmu da tafin ƙafata. A wajenmu babu daji, gona ce jingine da gona, hanya kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Da rani, in an kwashe amfani, mota tana ratsa gonaki ta miƙe abinta. Da damina kowa ya shuka har bakin iyakarsa, hanya ta tsuke, mashigin rafi ma ya tashi daga inda yake. Duk baƙon da ya zo, mai motar taki ne ko 'yan ɗaurin aure, cewa ake yi, "Ku tambayi Ado." Iyakar abin da nake taƙama da shi ke nan, kuma ya ishe ni.

Sai shekarar da tsuntsayen jan baki suka sauka a kan gero. A lokacin Sani yana tuƙa motar wasu masu feshin tsuntsu da ƙaramin jirgin sama. Aikinsa shi ne ya shiga ƙauyuka da mota, ya nemo inda tsuntsayen ke kwana, ya danna alama a wata 'yar na'ura, matuƙin jirgin kuma ya bi alamar ya je ya yi feshi. Na'urar ba ta fi tafin hannu ba. Su suna ce mata GPS, mutanenmu suka sa mata suna 'yar jagora.

Ranar da ya fito da ita a gindin darbejiyar masallaci, sai da aka yi tururuwa. Ya duba ya yi dariya, ya ce taswirar da ke ciki ba ta san da ƙauyenmu ba, fili ne kawai fetal. Ta kuma zana wani titi da ya bi ta tsakiyar gonar Malam Idi, dattijon unguwarmu.

Malam Idi ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe shekara saba'in a kan kwalta nake noma? Shi ya sa geron ba ya auki!"

Sani ya yi mana bayani yadda ya ji daga bakin matuƙin jirgin. Ɗigon da ke nuna inda mutum yake tsaye gaskiya yake faɗa. Zanen hanyoyin ne wani ya yi daga nesa, wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba. Ya ce shi mai jirgi ɗigo kawai yake nema, don a sama babu gonar kowa. Mai mota kuwa hanya yake nema, hanyar kuma ba ta cikin na'ura. Daga nan ya juyo ya ce, "Yaya, ka shigo mota."

Kwana uku muka yi muna yawo. In ce ga rijiyar makiyaya, ya danna ya rubuta. In ce ga kukar da ake karya kwana, ya danna ya rubuta. Ina kallon yatsunsa, ban san me yake sakawa ba, don ko sunana ba na iya ganewa a takarda a wancan lokacin. Abin da na tara a shekara arba'in ya shige cikin wani abu da ake zurawa a aljihu. Ba a yi sati ba na ji wani ya ce da baƙo, ina tsaye, "Ka jira Sani, yana da 'yar jagora." Da matuƙin jirgin ya zo ganin wurin, ya riƙe hannun Sani yana jinjina masa, wai ya gyara taswira. Ni kuwa ya ce mini, "Sannu, Baba," ya wuce.

Abin da na yi bayan haka ban taɓa faɗa wa kowa ba. An gano tsuntsayen suna kwana a wani ƙyauro da ke ƙetaren rafi, ta wajen Watari. Sani ya same ni a gona bayan azahar, ko motar bai kashe ba.

Ya ce, "Yaya, ta ina ake haye rafin nan yanzu?"

Na ce, "Ka tambayi 'yar jagorarka mana."

Ya yi dariya ya ce, "Ai ita ma ɗalibarka ce. Taimaka, lokaci yana tafiya."

Na sani sarai cewa da damina ta sama ake bi, wajen duwatsun da ke bayan ɗorawa. Na dogara da fartanya na ce masa, "Ta gindin giginya." Mashigin rani ne. A watan da gero ke nuna, taɓo ne da ke haɗiye jaki.

Motar ta nutse har ciki. Sai washegari aka jawo ta da shanun huɗa. Kwana biyu jirgi bai tashi ba, tsuntsu kuwa bai jira ba. Ya cinye geron mutane da yawa, har da nawa, har da na wata gwauruwa maƙwabciyarmu da ba ta da wata gonar. Manyan Sani suka yi masa faɗa sosai. Ya ce musu taswira ce ta ɓatar da shi, suka yarda, don sun san halinta. Ni kuwa bai taɓa tambayata ba. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, yana zuwa yana gaishe ni a durƙushe kamar kullum, har ciwon kwana kaɗan ya ɗauke shi.

Bayan sadakar arba'in, matarsa Hajara ta miƙo mini na'urar a ƙunshe cikin tsumma. Manyansa sun bar masa ita da suka sayi sababbi. Ta ce shi ya ce a ba ni. Na ce ni da ba na karatu me zan yi da ita? Ta ce, "Cewa ya yi kai mai haƙuri ne, Yaya, wata rana za ka karanta."

Na sa ta a ƙasan adaka, amma ba ta bar ni ba. Me ya rubuta a wuraren nan da na nuna masa? Sunansa ya sa? Me kuma ya rubuta a gindin giginya? Da na ba wani ya karanta mini, da an gama a minti biyar. Tsoro ya hana ni. In ya rubuta cewa yayansa ya yi masa ƙarya, ba na so bakin wani ya fara faɗa. Shi ya sa da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a makarantar firamarenmu, na je na zauna a bencin yara da furfurata. Ana tsammanin lada nake nema ko karatun takardar asibiti. Ni na san abin da ya kai ni. Shekara uku na yi kafin in yarda da idona.

Yau kowane mai babur yana da taswira a waya, har magana take yi da muryar mace. Ƙauyenmu ya shiga, ko da yake an kai shi wajen da maƙabarta take. Wannan daminar ma ta tura wata motar kai amarya gindin giginyar nan, aka sauke mata da kwalliyarsu suna tattare zannuwa. Nakan tambayi kaina me Sani zai ce. Ina jin dariya zai yi, ya ce har yanzu mai zanen bai zo ya tambayi kowa ba. Hoto daga sama yana nuna inda hanya take ranar da aka ɗauke shi. Ba ya nuna watan da aka ɗauke shi, mu kuwa hanyarmu da wata take tafiya.

Bara, ranar kasuwar Tsanyawa, na sayi batir biyu. Mai gyaran waya ya nuna mini inda ake dannawa jerin sunayen ya fito, na rufe fuskar na'urar da hannu kafin ya gani. Na koma gona na zauna ni kaɗai, na fara haɗa baƙaƙe. Na farko ya ce YAYA RIJIYA. Na biyu YAYA KUKA. Na yi ta gangarawa, babu wuri ɗaya da ya sa Sani. Da na zo kan wanda nake tsoro, sai na ga ya rubuta YAYA RANI. Bai ce ƙarya na yi ba. Ya ajiye maganata a watan da take gaskiya. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani, YAYA DAMINA. Na bi kibiyar da na'urar ta nuna da ƙafa, ta kai ni wajen duwatsun bayan ɗorawa. Ban taɓa nuna masa wurin nan ba. Shi ya nemo da kansa, ya sa sunana.

Ashe ya sani. Ya san na sani na ƙi faɗa, ya ɗora wa taswira laifina, ya kuma rubuta mini amsar da ya kamata in ba shi.

Na ɗauka in na karanta kishin zai fita. Bai fita ba, wuri ya sauya. Da ina kishin makarantarsa da motarsa da hannun da matuƙin jirgi ya riƙe. Yanzu na iya karatu, na ga ba su ne ya fi ni da su ba. Zuciyarsa nake kishi, ita kuwa babu ajin da ake koyar da ita. Na je na faɗa wa gwauruwar nan gaskiya da buhun gero a kan jaki, ta ce ta yafe. Sani ne ba ni da inda zan kai wa.

Abin da ya rage nasa ke nan: 'ya'yansa, da wata na'ura da gilashinta ya fara dushewa, da hanyoyin ƙasarmu a jere da sunan wanda ya ɓatar da shi. Yanzu in baƙo ya tsaya ya tambayi mashigi, nakan fara duba ko wane wata muke ciki, in damina ce sai in ce masa, "Bi ta duwatsun bayan ɗorawa. Mashigin Sani ake ce masa."