Rigar Amos Pettiford

A gonar taba ta Virginia a Amurka inda aka haife shi bawa, Cato ake kiransa, sunan da ubangijinsa ya kuma raɗa wa alfadarinsa. Yakan ce alfadarin ya fi shi gata, don shi idan ya yi ɗingishi ana barinsa ya huta. Ya tsere cikin amalanke a ƙarƙashin ganyen taba, ya haye kogin Ohio zuwa arewa inda babu bauta, ya yar da sunan ya ɗauki Amos Pettiford. Matarsa Dilsey ce bai iya ɗaukowa ba. Da tsohon ciki ya bar ta, da alkawarin zai dawo.

Masu yaƙi da bauta suka karɓe shi hannu bibbiyu. Tsarin taronsu ɗaya ne: fararen fata su yi jawabi, a rera waƙar coci, sannan tsohon bawa ya hau dandamali ya tuɓe riga ya juya baya. Bayan Amos kuwa ya yi suna, don bulala ta yi masa kunya-kunya kamar gonar dankali. Mata su suma, maza su girgiza kai, kowa ya koma gida ya ci abincinsa hankali kwance.

Ran nan ya tari shugaban taron. "Dattijo Whitcomb, yau maganar Dilsey zan yi. Akwai masu jiragen ruwa cikin mutanen nan, wani zai iya fito da ita."

"Ɗan'uwa Amos, bayanka ya fi bakinka iya magana. Kuma ka rage tsara zance, kada su ce ba ka taɓa bauta ba."

"To ku ɗauki bayan ku yi ta yawo da shi, ni in zauna gida."

Dattijo ya yi dariya, ya dafa masa kafaɗa.

Da aka kira shi, Amos ya hau da rigarsa a ɓalle har wuya. Ya ce, "Can an tuɓe ni a kasuwa don a ga tsoka, nan kuna tuɓe ni a coci don ku ga tabo. Yau fuskata za ku kalla." Ya fara ba su labarin Dilsey, da gonar da take, da mashigin da ya fi sauƙi. Wani ya yi ihu daga baya, "Cire rigar mana!" Kafin ya kai ƙarshe rabin kujerun sun zama wayam.

Ba a sake gayyatarsa ba. Ya koma tuƙa amalanke, yana kwasar bayi masu gudu daga bakin kogi, kowa ya hau sai ya tambaye shi Dilsey. Bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, ya taka da ƙafa har gonar. Wata tsohuwa ta ce an sayar da ita gonakin auduga na kudu tun tuni, da jaririya a goye. Wane gari? Babu wanda ya tambaya.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya ce wa matar da yake haya a gidanta, "Inna Sukey, kada ki bari a cire min rigar nan."

"Ko wankinta ba za a yi ba, ƙazami?"

"Sun gani ya ishe su."

Da rigar aka binne shi. Dattijo Whitcomb ya zo jana'iza yana dogara sanda, ya yi dogon jawabi a kan bayan Amos, tabo bayan tabo. Bai ambaci Dilsey ba.