Kashin Maƙerar Yusha'u

Gwaggo Tayyiba mai sharar asibiti ce ta fara faɗa mini abin da ɗana Yusha'u yake zubarwa guba ne.

Tun yana ƙarami ya koyi zubin tukwane a nan Tudun Wada. Yana narka gwangwanaye, wani lokaci har dalmar batirin mota. Ga shi da kyauta. In damina ta sauka, maƙwabta su zo da buhu, ya ɗebar musu kashin maƙera, dattin da narkin ke bari, su cike ramukan ƙofar gida. Mu ma da shi ya cike mana tsakar gida, inda jikata Bahijja take rarrafe, tana kai ƙasa baki.

Da duba-gari ya zo, ya ce doka ce a zuba kashin maƙerar a duro a rufe. Na ce, "Malam, wanda ke ƙasa fa?" Ya ce, "Inna, ku fara ɗauke yarinyar nan."

Innalillahi! Yanzu ko salla da ita nake yi a goye. An ɗebi jininta a asibiti, muna jiran sakamako.

Yusha'u kuwa ya kashe wutar maƙera, yana bin gida-gida da shebur, yana roƙon a bar shi ya kwashe abin da ya bayar.