Faifan Idi Damagaram

Tashi daga Sabha

Tun kafin ladan ya yi kiran farko na fito daga ɗakina a unguwar Gurda, buhun algarara a kafaɗa, jarkar ruwa a hannu. Litinin ce, a shekarun nan da kuɗin mai ke malala a Libiya, duk inda ka juya gini ake yi. Ni Sani ne, mutumin Funtuwa, mai gyaran rediyo a kasuwar Jadid, amma in ba ka ce Sani Kaboyi ba babu wanda zai nuna maka shagona. Kiɗan Amurka ya ja mini sunan, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba.

'Yan uwa na gida, ga abin da ya fitar da ni. Maƙwabcin ɗakina, Idi, magini ne ɗan Damagaram. Katanga ta rufto masa a wurin aiki, likitoci suka yanke ƙafarsa ta hagu daga gwiwa. Tun da aka sallamo shi ya juya fuska ga bango, ba magana, abinci kuwa sai an yi da gaske yake kurɓar kunu. 'Yan garinsu sun samar masa wuri a kamiyo, babbar motar da za ta tashi zuwa gida ranar Alhamis. Kowa ya san mutumin da ba ya ci ba zai ƙetare Sahara da rai ba, sai dai babu mai faɗi a gabansa.

Abu ɗaya na lura da shi. In ya ɗauka ba kowa, yakan riƙa gunguni da wata waƙa mai sauri. Kunnena ba ya kuskure, irin kiɗan nan ne da ake kira rokabili. Na ce, "Idi, ina ka jiyo wannan?" Ya ce, "A sharika, wajen Ba'amurke, lokacin da na gina masu kicin." Na san sansanin wannan kamfani, gaba da garin Hun yake, kuma kukun wurin, Baba Ɗanjuma, ɗan ƙasarmu ne. Nan take na ce wa kaina zan kawo waƙar nan kafin Alhamis.

Hanyar Hun

Na samu babbar mota mai kai siminti. Direban, Haj Miftahu, ɗan Libiya ne mai ƙaton ciki da son hira. Ya dubi buhuna ya ce, "Ya Hausawi, buhu ba komai ciki? Me za ka ɗebo, zinariya?" Na ce, "Waƙa zan ɗebo, ya Haj." Ya yi dariya har da tari, ya ce in hau gaba, mahaukaci yana rage nisan hanya.

Muka yi sallar asuba a bakin gari, muka miƙa. Kwaltar sabuwa fil, hagu da dama baƙin dutse da yashi. Da hantsi muka tsaya, ya dafa mana shayin nan nasu mai kumfa da gyaɗa a ciki, muka ci da burodi da kifin gwangwani. A nan ya tsare ni: me Musulmi zai tsinta a kiɗan Nasara? Na ce masa kiɗan kashi uku ne a wurina. Akwai na kaboyi, mai sanyi, mutum da jitarsa yana kukan gida da uwa da jirgin ƙasan da ya tafi da shi nesa. Duk ɗan cirani yana jin wannan ko bai iya Turanci ba. Akwai rokanrol, mai fiyano da ƙaho, wanda ke tayar da gajiya. Sai na tsakiyarsu, rokabili, inda ake marin tsirkiyar wani ƙaton molo, mawaƙin yana yi kamar shaƙuwa ta kama shi. Na kwaikwaya masa. Ya ce a'uzubillahi, amma na ga yatsunsa suna dukan sitiyari.

La'asar sakaliya muka shiga Hun. Na kwana wajen wasu 'yan Maraɗi masu aikin gonar dabino, suka ba ni makaroni mai yaji da tabarma, suka ƙi karɓar ko sisi.

A sansani

Washegari wata motar ruwa ta rage mini hanya. Baba Ɗanjuma ya tarbe ni da ludayi a hannu. Da na ba shi labarin Idi sai ya zauna a kan buhun albasa, ya yi salati. "Yaron nan mai rawa a kan tsani? Kai, duniya!" Ashe Ba'amurken ya koma ƙasarsu, ya bar wa Baba kwalin faya-fayan garmaho, shi kuwa ba shi da abin sa su. Ya tura mini kwalin da ƙafa ya ce in kwashe duka.

Na rera masa abin da Idi ke gunguni. Ya ce, "Tsaya, ɗana." Ya tona ya zaro wani ƙaramin faifai mai ruwan ɗorawa a tsakiya. Ya ce wannan ne, ba ya mantawa, don duk ranar da aka sa shi Idi ba ya barin kowa ya yi aiki.

Faifai ba shi da maƙiyi kamar rana, minti kaɗan ta lanƙwasa shi. Na jiƙa buhun algarara na naɗe kwalin. Na Idi kuwa na sa shi a aljihun ciki na rigata, don ko an ƙwace kwali shi ya tsira. Baba ya cika ni da shinkafa da naman rago, ya ba ni gwangwanin madara in kai wa mara lafiya.

Komowa

Laraba na sake haɗuwa da Haj Miftahu a Hun, motarsa ba kaya. Duk tsayawa sai na yayyafa wa buhu ruwa. Ya ce bai taɓa ganin mai shayar da kwali ya bar kansa da ƙishi ba. Na ce yau ka gani.

Rana tsaka muka iso shingen sojoji, wanda suke kira bawwaba. A lokacin ba a son kayan kiɗan waje, na sani. Wani saurayin soja ya duba takarduna, ya leƙa kwali, ya ga hotunan mutane da malafa da dawakai, ya taɓe baki ya mayar. Sai ya shafa ƙirjina ya ji abu mai tauri. Ya zaro faifan Idi, ya juya shi, ya ɗora a kan murfin injin mota, ya tafi kiran babbansu. Murfin kuwa ko ƙwai ka fasa sai ya soyu! Na kai hannu, ya daka mini tsawa. Na tsaya ina kallo gefen faifan yana ɗagowa kamar gurasa a tanda. Wallahi raina ya ɓaci, har idona ya kawo ruwa.

Haj Miftahu ne ya cece ni. Ya sauko yana faɗa, ya ce wa babban, "Wannan maganin mara lafiya ne, ku ji tsoron Allah!" Babban ya dubi faifan da ya riga ya karkace, ya miƙo mini ya ce mu wuce. A mota Haj ya ce, "Ya lalace ko?" Na ce, "A hannun wani dai. A hannuna bai lalace ba tukuna."

Sabha

Mun shigo gari rana ta yi sanyi, daidai yadda nake so. Ban bi ta ɗaki ba, shago na zarce. Na zare gilashin taga biyu, na wanke su, na sa faifan a tsakani, na ajiye a ranar la'asar ina taɓawa da bayan hannu. Da gilashin ya ɗau ɗumi na mayar inuwa, na danne da bulo, na hana kowa matsowa har ya huce. Bai miƙe sarai ba, amma ya kwanta. Na ɗaura ƙaramin noti a kan allurar garmaho don kada ta yi tsalle.

Bayan magariba na shiga ɗakin Idi da garmaho a ka. 'Yan Damagaram sun cika ɗakin, har da wani yaro Musa, suna ɗaure masa kaya, shi yana kwance yadda na bar shi, kwanon tuwo a rufe a gefensa. Na ɗora allura. Ta yi ƙara-ƙara, sai ƙaton molon nan ya shigo da mari, jita ta bi shi, mawaƙin ya fara shaƙuwarsa. Muryar tana ɗan lilo inda rana ta taɓa, amma waƙar ce.

Kafaɗar Idi ta motsa. Ya juyo, ya dafa bango ya tashi zaune. Ya ƙura wa bargon da ke kan cinyarsa ido, yana dariya hawaye na zuba. Ya ce, "Kaboyi, ka san wani abu? Ƙafar da suka yanke, wallahi ita ce ke rawa. Ina jin ta tana dukan ƙasa."

Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Sake sa shi. Kai Musa, miƙo mini kwanon nan."

Sau shida na sa, ya cinye tuwon tas, ya nemi ƙari. Na ɗaukar masa waƙar a kaset, gaba da baya ita kaɗai, Alhamis da safe muka ɗora shi a kamiyo yana yi wa direba tsiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Ɗanjuma, da 'yan Maraɗin Hun, da Haj Miftahu da ya tsaya mini a gaban bindiga. Wanda duk ya bi ta Damagaram ya ga wani mai sanda yana kaɗa kai shi kaɗai, ya gaishe mini da shi.